Hutuna na Dubai da Lambar +227

Da ana iya goge abu daga ƙwaƙwalwa yadda ake goge hoto a waya, da tuni na goge hutun da na yi a Dubai. To ba a iyawa, kuma ko ni na manta, mutanen Kalgo ba za su taɓa mantawa ba.

Sana'ata sayar da data ce. Ina da ɗan shago a Gwandu, kuma a lokacin ji nake duk faɗin jihar Kebbi babu wanda ya kai ni sanin sirrin waya. Ina neman auren Hauwa'u, 'yar Kalgo, magana ta yi nisa, abin da ya rage kawai mahaifinta ya sa mana rana. Baba mutum ne mai sanyin magana, amma kowa ya san abu guda da ba ya haƙuri da shi, wato ƙarya. Na san haka sarai (ku riƙe wannan, don kada wani ya ji tausayina nan gaba).

Rannan a majalisa na buɗe baki na ce zan tafi Dubai hutu. Da gaske na yi niyya, na ɗan yi tarin kuɗi. Sai ɗoki ya kwashe ni, tun ban ga tikiti ba na fara sallama. Na bi dangi gida-gida a Gwandu, na hau babur na je Malisa wurin kawuna, na wuce Kalgo na durƙusa gaban Baba. Ya sa min albarka, ya ce in na dawo lafiya za a zauna a sa rana. Inna, mahaifiyar Hauwa'u, ta ce in taho mata da turare. Tsofaffi suka yi ta addu'ar Allah ya tsare ni daga sharrin jirgin sama.

Bayan na gama karɓe addu'ar jama'a kaf, sai na je Birnin Kebbi wurin mai shirya tafiya. Da ya faɗi kuɗin tikiti da biza, sai da na nemi kujera. Abin da na tara ko rabin hanya ba zai kai ni ba.

Mai hankali gida zai koma ya ce an fasa. Ni kuwa sai na tuna ina da aboki a Yamai. Ai Nijar ma akwai dogayen gine-gine, akwai fitilu, akwai ruwa. In an iya ɗaukar hoto, wa zai gane? Na ja akwati mai taya, na shiga motar Kamba ta bakin iyaka ina rufe fuska da hula kamar wanda ya saci akuya.

A Yamai ne gwanintata ta motsa. Na zauna na yi nazarin data kamar mai shirin jarabawa. In na bar layina na gida ya yi romin, wato ya ci gaba da aiki a ƙasar waje, kafin in buɗe hoto ɗaya ya cinye jarin shagona. Layin nan marar kati da ake saukewa cikin waya yana da sauƙi, amma wayata ta ce ita ba ta san wannan zancen ba. Wayfay na otal kyauta ne, sai dai ni a tabarmar abokina nake kwana, kuma mai gadin otal ɗin da nake raɓewa jikin katangarsa ya fara yi min kallon tuhuma. Saura layin ƙasar, wanda ya fi duka araha. Na saye shi, na cika shi da data, na bar manhajar hira a kan lambata ta Najeriya yadda babu wanda zai ga canji. Har jinjina wa kaina na yi.

Abu ya tafi daidai. Ina ɗora hotuna, kullum daga ƙasa nake ɗauka don gini ya ƙara tsawo. Hauwa'u tana turo min, "Kai, Dubai ta karɓe ka." Ni kuma ina amsawa da "Yallah habibti", iyakar Larabcin da na tanada ke nan.

Sai Juma'a ta zo. A wurinmu, mai neman aure ba ya barin Juma'a ta wuce bai gaida surukinsa ba, ko a duniyar wata yake. Kuma ba a tura wa dattijo saƙon murya kamar wani sa'anka, kira ake yi. Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta san data ba. Na duba romin na ga tsada, na duba sabon layina na ga har da kyautar mintunan kiran Najeriya. Kyauta fa. Ni da na lissafa komai, ban tsaya na tambayi kaina lambar da za ta fito a fuskar wayarsa ba.

A Kebbi ko yaron goye ya san +227 lambar Nijar ce. Rabinmu muna da dangi a tsallaken iyaka. Ita kanta Inna 'yar Dosso ce, kusan kullum sai an kira gidan da irin wannan lamba.

"Salamu alaikum, Baba, ni ne. Barka da Juma'a."

Sai ya ce, "A'a, mutanen Dubai. Bari in buɗe murya, ga mu zaune da baffannin Hauwa'u, kowa ya ji albarka." Na ji muryoyin dattawa suna amsa gaisuwa. Daɗi ya kama ni.

"Yaya garin? An ce akwai zafi."

"Baba, ai nan ko titi da na'urar sanyi."

"Ikon Allah. Kun yi la'asar?"

Na riga na haddace cewa Dubai tana gaba da mu a lokaci, don haka na ce, "Ai mu nan har an yi magariba." Ban rufe baki ba ladanin unguwar da nake ya kwaɗa kiran la'asar, daidai lokacin da nake jiyo na Kalgo ta cikin wayar. Kamar hakan bai isa ba, wata mai tallar fura ta tsaya a kaina tana yi min ciniki da Zabarmanci.

"Madalla," in ji Baba. "Ashe Larabawan sun iya Zabarmanci. To tunda Allah ya kai ka, in ka taso ka biya Dosso, kan hanyarka ta Dubai take. Ka gaida kakar Hauwa'u, ka taho muna da cuku."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Wani dattijo dai ya yi gyaran murya ya ce, "Allah shi kyauta." Kunya na ji, sannan tsoro ya biyo baya, don na tabbata na rasa Hauwa'u saboda mintunan kyauta.

Na biya Dosso, na sayi cuku, na dawo na durƙusa a zauren Baba ina kallon tabarma. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni ban ce sai wanda ya je Dubai zan ba 'yata ba. Amma addu'ar mutane da ka karɓa, ta jirgin sama ce, kai kuwa mota ka hau. Duk gidan da ka shiga ka yi sallama, ka koma ka faɗa musu inda ka je. In ka gama, ka zo mu sa rana."

Haka na bi Gwandu gida-gida, na je Malisa, na zagaye Kalgo, ina raba cuku ina cewa, "Yamai na je." Kawuna ya sa na maimaita, wai kunnensa ya yi nauyi, alhali so yake maƙwabta su fito. Inna ta karɓi nata ta shinshina, ta ce turaren Dubai na bana ƙamshin nono yake yi.

An sa rana, an yi biki. Yau in matafiyi ya zo shagona neman shawara, ina gaya masa gaskiya: layin ƙasar da ka je shi ya fi araha, amma ka tabbata ƙasar da ka je ita ce wadda ka ce za ka. Hauwa'u kuwa har yanzu ba ta canza sunan da ta ajiye lambata da shi ba. In na kira, "Alhaji 227" ne yake fitowa.