Faifan da Na Kushe a Gaban Maƙwabta

Washegarin dawowata Ƙafin Maiyaki daga Kano da sabuwar na'ura da faifan fim irin mai tsadar nan, wanda mai shago ya rantse hotonsa tar yake, na tara maƙwabta a zaure bayan la'asar. Ina da tsohon faifan fim ɗin, sai na ce zan sa musu duka biyun su ga ci gaba da idonsu.

Na sa na farko, na taɓe baki. "Ku dubi wannan dishi-dishin. Da shi aka daɗe ana cutarmu."

Na sa na biyu, na miƙe ina nuni da sanda. "Yanzu ku ga ganye ɗai-ɗai." Kowa ya gyaɗa kai.

Sai Malam Buba, makiyayin da ke riƙe mini shanu, ya yi gyaran murya. "Alhaji, a yi mini afuwa, na farkon ya fi fita. A can har ƙudan bayan saniya na gani."

Na ce masa wannan ba kiwo ba ne, sai wanda ya sani.

Da na ciro faifan da nake yabo, tsohon ne, da sunana da na rubuta a kai. Ashe maiɗakina ta goge su da safe, ta musanya kwalayen. Wa ya sa ta?

Abin da ke ƙona mini rai, masu gyaɗa kan nan su suka fi kowa dariya. Yanzu ko akuya na taya a kasuwa, sai dillali ya ce, "Alhaji, a kira Buba ya duba maka, kada ta zama tunkiya."