Matacin da ya fi farcen Dakta ƙanƙanta

Wanda bai taɓa ganin ilimi na tafiya da ƙafa biyu ba, ya leƙa hawa na biyu a cibiyar binciken sadarwa da hantsi. Zai tarar da Dakta Farce yana ratsa baranda, biro uku a aljihu, gilashi a kan goshi, yana amsa gaisuwa da gira. Bawan Allah mai tawali'u, bai taɓa faɗin digirorinsa fiye da sau huɗu a zama ɗaya ba.

Aikinsa ƙera mataci, amma ba na shayi ba. 'Yan zane-zanen jan ƙarfe ne a kan guntun allo, da ake sawa cikin na'urar sadarwa. Mataci ya bar siginar ƙasa, mai ɗauke da magana, ta wuce, ya tare ta sama mai kawo hayaniya. Gwanintar ita ce a yi shi ƙarami, kuma ya tare hayaniyar har can nesa. Dakta ya rantse nasa zai fi farcen ƙaramin yatsansa ƙanƙanta. Shi ya sa ya shekara bai yanke farcen ba, don kada matacin ya wahala.

Kujerar shugaban sashe ce ta faɗi, kuma da wannan mataci Dakta ya yi niyyar hawanta.

A ƙuryar ɗakin gwaji kuwa akwai wata ma'aikaciya da ake kira Mai Dalma. Shekara goma sha tara tana wanke alluna a ruwan asid, tana liƙa wayoyi, har yatsunta sun yi kanta. Ita ce ke mayar da zanen Dakta abin da hannu zai taɓa. Da ya kawo mata zane na bakwai, ta ga layin tsakiya ya fi silin gashi siranta, sai ta ce, "Dakta, wannan layin fa asid zai iya cinye shi."

"Malama," in ji shi, yana kallon rufin ɗaki, "kwamfuta ta amince. Ni na amince. Ban san asid yana da kujera a wannan kwamiti ba."

Ta wanke allon yadda aka umarce ta.

Ranar awo Dakta da kansa ya zauna gaban na'ura. Ya saita ta ta fara daga gigahaz uku a ma'aunin sigina zuwa sama, wato daga inda ake son tarewa. Kai jama'a! Layin awo ya kwanta a ƙasan gilashin na'urar shame-shame, bai ɗaga kai ba har gigahaz arba'in. Ko ɗigon hayaniya bai wuce ba. Dakta ya miƙe ya yi wa kansa tafi, tunda ba wanda ya cancanci ya tafa masa.

Mai Dalma ta ƙura wa layin ido. Ta san mataci mai rai ba ya kwanciya haka. Ta ce, "Dakta, a duba ƙasa da uku mana, mu ga ko maganar ma tana wucewa."

"Ƙasa? Ni na daina kallon ƙasa tun ina digiri na biyu. Wannan aikin ɗalibai ne."

Da ya fita ta sa madubin ƙara girma, ta ga layin a tsinke, asid ya yi aikinsa. Ta rubuta a takarda ta ajiye masa a tebur. Washegari ta ga takardar a ƙarƙashin kofin shayinsa, da zoben ruwa a kan rubutun. A ranar kuma ta ga rahoton da zai miƙa wa kwamitin zaɓen shugaban sashe, an goge sunanta daga shafin farko. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta kasa cin abincin rana. Daga nan ba ta sake rubuta masa takarda ba.

Ranar kwamiti ɗaki ya cika: darakta, manyan malamai, da wani tsohon injiniya daga kamfanin rediyo. Dakta ya ɗora matacin a kan farcensa, ya zagaya da shi kamar mai nuna jariri.

"Ƙwararrun duniya sun tsaya a gigahaz ashirin suna haki. Ni na kai arba'in ban yi gumi ba. Kuma tarihi ya rubuta: ni na zana, ni na wanke, ni na liƙa. Babu hannun kowa a ciki."

Tsohon injiniyan ya gyaɗa kai. Ya roƙi a haɗa abin tsakanin na'urori biyu, a yi magana ta ciki. Aka haɗa. Dakta ya gyara murya, ya karanto sunansa da digirorinsa a makirfo. Lasifika ta yi tsit. Ya sake, da ƙarfi. Ko tari ba ta yi ba.

Tsohon ya miƙa hannu ya murɗa awon ya dawo sifili. Layin yana nan kwance, daga farko har ƙarshe.

"Dakta, ai ko guntun katako aka sa, haka zai tare," in ji shi.

Gumi ya karyo wa Dakta. Ya juya ƙurya, ido jawur. "Malama! Ke kika wanke allon nan!"

Darakta ya buɗe rahoton a hankali, ya duba shafin farko, ya duba na biyu. "Ikon Allah. Ban ga sunanta ba, Dakta. Kuma yanzun nan tarihi ya rubuta."

Mai Dalma ta taso daga ƙurya. Ta ɗauki ƙarfen liƙi, ta ɗiga dalma a inda ya tsinke. Nan take lasifika ta farka, kuma abin da ta fara watsa wa ɗakin shi ne numfashin Dakta, yana haki a makirfo.

Kujera dai wani aka ba. Amma a yi wa Dakta adalci, bai yi ƙarya ba: har yau ba a ƙera matacin da ya kai nasa tare hayaniya ba. Ranar Litinin ya zo aiki da farcensa a yanke.