Yadda Ake Sharhin Shari'a Daga Bencin Baya

'Yata, in kin bi abin da zan gaya miki, cikin wata ɗaya duk wanda aka kai ƙara a layinku sai ya biyo ta ƙofarki kafin ya nemi lauya. Ni aji uku na yi, amma shekarata tara ina zaman kotu ba a gayyace ni ba.

1. Ki kama benci
Na baya, dab da ƙofa, inda fanka ke aiki. Ki riƙa gaida masinja da "ɗana, ya gwiwar mamarka?" Shi ya san shari'ar da za ta yi daɗi.

2. Ki karanta fuska, ki bar musu takarda
A shari'ar gado, mai yawan kuka shi ya ɓoye takardar gida. A ta fili, kowa kakansa ne ya dasa bishiyar. A ta hatsarin mota kuwa, ban taɓa ganin direban da ya ce yana gudu ba.

3. Ki haddace lamba
In kin dawo gida, ki gyara zama ki ce, "Ai sashe na arba'in ya gama magana." Ba wanda zai tambaye ki sashen mene. In an ɗage shari'a, ki ce dama kin faɗa.

4. Kada bakinki ya ce "a idona"
Nan na zame. Mai gidan haya ya kai tela ƙara, wai ya fasa bango ya faɗaɗa ƙofar shago ba izini, don haka ya kwashe kekensa ya fita. Ni kuwa a layin famfo na ce, "A idona mai gidan ya miƙa masa guduma!" Don labari ya yi armashi ne kawai.

Kwana uku sai ga matar tela da goyo, ta durƙusa. "Iya, ke kaɗai ce shaidarmu. In shagon nan ya tafi, da me za mu ci?" Bayanta ga masinja da sammaci, yana ta murmushi, ɗan banza.

5. In kin shiga akwatin shaida, ki tuna lahira
Na yi rantsuwa. Lauyan mai gida ya gyara baƙar rigarsa.

"Baba, ina kike tsaye ranar?"

"A kwance nake, ɗana. Asibiti."

"To da wane idon kika gani?"

"Da na mai wankin layinmu, ita ta ba ni labari."

Kotu ta kwashe da dariya, tela ya dafe kai. Alƙali ya ce kotu ba ta karɓar "an ce".

6. Ki tona mai ba ki labari
Na ce, "Ranka ya daɗe, mai wanki ma matar mai gidan ce ta gaya mata. Ga ta can da jan mayafi."

Aka kira matar mai gidan. Ta dubi mijinta, ta dubi littafin rantsuwa, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni na ɗauko maka gudumar daga ƙarƙashin gado."

Tela na nan a shagonsa. Mai wanki ta daina gaishe ni, mai gida kuma in ya hango ni sai ya canza hanya.

Gargaɗi: duk wadda ta bi wannan ta kwana a bayan kantar 'yan sanda, kada ta aiko a kira ni beli. Ni tsohuwa ce, ba na ji sosai, kuma ban san wanda ya rubuta takardar nan ba.