Rasuwar Haƙorana na Roba, Sama da Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki wanda babu komai a cikinsa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar haƙorana na roba, sama da ƙasa. Sun rasu ranar Talata da hantsi, a cikin tukunyar shayi, bayan gajeriyar jinya. Shekararsu goma sha tara. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka ba zan ja zance ba.

Marigayan 'yan asali ne. Na ga haihuwarsu da idona a shagon mai haɗa haƙora. Ya cika mini baki da wani ƙullu mai sanyi har ya daskare. Ya cire shi, ya zuba kwaɓin filasta a gurbin da bakina ya bari, siffar dasashina ta fito sak. Ya jera haƙoran a kan kakin zuma ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa a bakina. Sannan ya binne su a filasta cikin akwatin tagulla, ya narkar da kakin ya zubar. A madadinsa ya danna garin roba mai launin dasashi, wanda ya kwaɓa da wani ruwa mai hawa kai. Ya ɗaure akwatin tam, ya dafa shi wuni guda, ya bar shi ya huce don kansa. Aikin hannu ke nan, na mutanen da.

Ba su taɓa kunyata ni a gaban baƙo ba. Nama sun ci, gyaɗa sun ci. Rake kaɗai muka haƙura da shi, kuma ba mu gaya wa kowa ba. In raina ya ɓaci sukan yi ƙas, ƙas, gida ya yi tsit. Duk taron dangi, da su nake yanke magana, don ni ne babba.

Ciwon ajali ya samo asali daga ƙanena. Shekara bakwai na ba shi, a bayana ya yi wayo. Ɗansa ya kai shi aka dasa masa ƙusoshi a muƙamuƙi, aka ɗora haƙoran tangaran, irin waɗanda ake gasawa a wuta kamar faranti. Tun ranar bai rufe baki ba. Mutumin da ko a bikinsa bai yi dariya ba, yanzu mai gyaran famfo ma murmushi yake masa. Ba hassada nake ba. Fari dai ba ƙarko ba ne, kuma kowa ya san ƙarshen faranti.

Ranar Litinin ya zo gidana da karan rake. Ya zauna ya ɓare shi da haƙori a gabana, a hankali. Ya ce, "Yaya, naka sun koma launin shayi. Taron Asabar kan gidan Baba, ka huta, ni zan yi wa dangi bayani. Bakin mai magana mutane ke kallo."

Mai ɗakina ta yi dariya. Ta ce, "Gaskiya na ƙanin nan naka kamar madara." Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ba ta taɓa kwatanta nawa da komai ba.

Washegari na tafasa ruwa, na zuba ruwan wanke fararen kaya, na jefa su ciki. Lissafina shi ne, abin da aka haifa a tafasasshen ruwa, tafasasshen ruwa ba zai kashe shi ba. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, ba ruwan sanyi aka ce maka ba?" Na ce ta ji da girkinta.

Fari kam sun yi, har da dasashin. Amma na sama ya murɗe kamar busasshen ganye, na ƙasa ya wangale. Na sa hannu in miƙe shi. Ya ce tas. Maganarsa ta ƙarshe ke nan.

Na kai su wurin wanda ya haɗa su. Ya tsufa kamar ni. Ya daɗe yana juya su a tafin hannu, sannan ya ce, "Wancan karon filasta ce ta riƙe su ta ko'ina, shi ya sa suka dahu ba su karkace ba. Kai tsirara ka dafa su." Ya ce sababbi sai sati uku.

Marigayan sun bar kofin gilashi ɗaya, buroshi ɗaya, dasashi biyu marayu, da harshen da ya rasa majingina. Ƙanena ya aiko da ta'aziyya, wai zai kai ni wurin likitansa. Na mayar da saƙon. Babba ba ya bin ƙani a je a buɗe masa baki.

Za a binne su ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan ɗakina, gindin bishiyar lemo. Na san lokacin taro ne. Duk dangi su hallara a nan, wanda ya tafi can zan sani. Ba za a yi jawabi ba, mai jawabi yana cikin rashi. Maganar gidan Baba ta jira sati uku.

An ware wa ƙanena kujera a gaba, kusa da tawa, inda zan riƙa ganinsa. Gidan makoki ne. Ya zo da bakinsa a rufe.