Sabi'u da Jet ɗin Kafireta

Akwai wani mutum a Malumfashi, Sabi'u, mai babur ɗin nan dogo na shiga daji. Kullum ya zauna a majalisa sai ya taɓa makanikai, musamman Ilu na bakin tasha. Wai aikinsu duk hure-hure ne da shafa baƙin mai a riga don a ce sun sha wuya. Ana gobe sunan ɗan ƙanwarsa a ƙauye, babur ya fara tari yana mutuwa. Aka ce masa kafireta ce ta yi datti, ya kai wa Ilu. Ya ce Allah ya kiyaye, da hannunsa da bakinsa.

Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance kafireta, ya jiƙa ta da fetur a kwanon miyar matarsa Hansai. Ta leƙo daga madafi ta ce, "Sannu injiniya. A kawo gishiri ko ya ji?"

Bai kula ta ba. Ya ciro jet, ɗan ƙarfen nan mai huda da bai fi ƙwayar masara ba, ya sa a baki zai hure dattin. Ya ja numfashi don ya hura da ƙarfi, sai ƙut! Jet ya wuce ciki, har da fetur ɗin da ke jikinsa. Ya yi kakari, ya zura yatsa, ya sha ruwan kanwa, shiru.

Haka ya zuba kayan a leda, ya turo babur cikin rana har bakin tasha, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ilu ya zazzage ledar ya duba ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Sabi'u, kai da kanka? Ai mu 'yan hure-hure ne. To ina jet?"

Sabi'u ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya. "Yana nan."

"Ina?"

Ya nuna cikinsa. "Kuskure aka samu. Don Allah Ilu ka rufa mini asiri, gobe da sassafe nake son in kama hanya. Yanzu yaya za a yi?"

Ilu ya goge hannu da tsumma, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ai da sauƙi. Ka riga ka sha fetur, ga jet a ciki. Juya kawai in buga maka kik."