Magani Ɗaya Tal, Kamar Ba Ta da Miji

Jiya da hantsi na yi faɗa da majo a likitar garinmu, kuma ni ne marar gaskiya. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Mai ɗakina Raihanatu ta kwana biyu tana tari da zafin jiki, sai na kai ta. Majo, wato babbar ma'aikaciyar wurin, Madam Fauziyya, ta soki yatsarta ta gwada jini, ta saurari ƙirjinta, ta ce ba zazzaɓin sauro ba ne, ƙirji ne. Ta rubuta magani ɗaya tal. Na juya takardar ko da saura a baya.

"Madam, ina allurar?"

"Ba ta bukata, Malam."

"Ƙarin ruwa fa?"

"Tana ci, tana sha. Ta shanye wannan har ƙarshe, ko ta ji sauƙi kada ta bari."

"To in maƙwabta sun zo gaisuwa, mi zan gwada musu?"

Baƙo zai ɗauka wasa nake yi. A garinmu ba a yarda mutum na ciwo sai an same shi kwance, ledar ruwa na rataye a ƙusa. Mijin da ya dawo da matarsa da ƙwaya iri ɗaya, marowaci ne, an gama magana. Saboda haka ni, da nake tsayawa bayan La'asar ina yi wa jama'a faɗa kan maganin tire da ke soyuwa a rana, ni ne na daki tebur ina neman a soki matata don a tsare mutuncina.

Majo ta ce umarni ne daga sama. Ashe masu girma, Allah ya ƙara musu kumatu, sun taru a otel mai sanyi, sun ci kaji, sun gano talaka na shan magani barkatai. Ba su yi ƙarya ba. Sun buga babbar takarda mai hoto, an kawo ta cikin sabuwar mota, an manna ta a tagar ɗakin magani. Takardar ta rufe tagar tsaf, sai da na leƙa ta gefe na ga kantar magani fayau. Maganin da aka rubuta wa Raihanatu ya ƙare tun kafin damina, sai dai a je birnin Konni. Dole a yaba musu: babu dabarar hana shan magani barkatai da ta kai kada a kawo shi.

Muna isa gida maƙwabcina Jibo ya shigo zaure da kwanonsa. Kowane gida na da irinsa: ragowar ƙwayoyin da aka bari da aka ji sauƙi, ba suna, sai launi.

"Malam Badamasi, ga ja-da-rawaya. Shi na ba tsohuwata ta miƙe. Ba ta biyu, ka huta da tahiya Konni."

Na zaunar da shi na wanke shi tas. Na ce irin wannan shan ne ke sa ciwo ya saba da magani har ya daina jin tsoronsa. Ina tsakiyar bayani sai Raihanatu ta ɗaga murya daga ɗaki, da ƙyar.

"Malam, in an shafa fatiha, ni dai numfashi ke yi mini wuya."

Na haye kabu-kabu. Muka bi bayan manyan motocin siminti har Konni, na samo maganin a farmasi, na dawo fari fat kamar an tono ni. Ta sha. Yau da asuba zafin ya sauka, tarin ya lafa, kuma za ta shanye shi har ƙarshe ko garin nan zai tsine mini.

Garin kuwa ya fara. Yayarta A'ishatu ta zo gaisuwa, ta dubi ƙusar bango, ta dube ni, ta ce, "Allah ya hore wa Malam."

Ranku ya daɗe masu taro, na karɓi wa'azinku. In motar za ta sake zuwa, a rage takarda, a saka kwali ɗaya na magani a inda direba ke ajiye ƙafa.

Saura magana ɗaya. Hanyar Konni ta bar ni da ciwon kai, Jibo kuma ya manta kwanonsa a zaure. Na haɗiye manya biyu, farare. Da safe ya zo yana laluben kwanon, yana tambaya wa ya ga maganin tsutsar bunsurunsa. Kan dai ya daina ciwo. Sai dai ɗazu na wuce mai harawa, na tsaya ina kallo fiye da yadda ya kamaci dattijo.