Macijin da Ke Cikin Injin Motata

Da ana dawo da jiya, da na goge ranar da na kira gardi ya duba mini mota.

Tsohuwar akori-kura ce, da ita nake kai gero kasuwar Bukkuyum. Ta fara tari, in na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ban tambayi kowa ba, ni da na tsufa a kan sitiyari. Na ce kafireto ne, na sayar da ɗaya daga shanun huɗata na sayo sabo. Ba ta daina ba. Da na kasa kunne na ji huci cikin injin, sai na rantse maciji ne.

Gardi ya zo daga Anka, rabin unguwa na tsaye da sanduna. Aka tayar da mota, ya turara magani. Muna kallo hayaƙin ya riƙa shigewa wani tiyon roba da ya tsage. Ashe iska yake zuƙa tana rinjayar mai.

Maƙwabcina Ɗan'ige ya ce, "Malam, wanga shi na macijin da yac cinye sa guda?"

Daminar shekarar nan da hannu na yi huɗa, geron bai kai mu rani ba. Har yau in taya ta sace a tasha, sai a ce a kira ni in kawo sanda. Don Allah zancen ya tsaya nan, jikokina ba su sani ba.